"Kana Ina?": Nazarin lamarin wata uwa da ɗanta na fari a Zariya

Ranar da Hajiya ta fara zuwa wurina, wayarta ta riga ta samun wurin zama. Ta ɗora ta a kan tebur, fuskar na kallon sama, ta ƙure mata ƙara, sannan ta gyara mayafi ta zauna. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "'Yar nan, bari ki ji tun yanzu, ni ba mahaukaciya ba ce. Likita ya ce in zo, na zo. In kuwa asibitin mahaukata na Barnawa za ku tura ni, faɗa min in kama hanyar gida."

Ban ga laifinta ba. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, dokar da ake aiki da ita ta 1958 ce, wadda sunanta ma na hauka ne. Wanda ya tashi a ƙarƙashin wannan, in aka ce ya je wurin masaniyar halayyar ɗan Adam, abin da kunnensa zai ji shi ne an ce ya taɓu. Na ce mata a nan ba a ɗaure kowa, ba a kuma yin allura, hira ce kawai. Ta ce in hira ce ai tana da 'yan uwa.

Da izininta da na ɗanta nake rubuta wannan, na kuma sauya abubuwan da za su sa a gane su. Sunan ɗan bai ba ni wahalar ɓoyewa ba, domin ita kanta ba ta taɓa furta shi a gabana ba. Ɗan fari ne. "Yaron nan" take cewa, ko "yayansu".

Yadda lamarin yake

Hajiya tana da shekara 56, tsohuwar shugabar makarantar firamare ce da ta yi ritaya, gidansu a cikin ganuwa. Maigidanta ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce a hatsarin mota, yana dawowa daga Kano, a wajen Kwanar Dangora. Ya bar mata 'ya'ya huɗu: yaron nan, mata biyu, sai auta. Yaron yana da shekara 17 a lokacin. Yanzu 29 gare shi. Ya karanci aikin gona a Samaru, yana noma masara da waken soya a gonar mahaifinsa ta ɓangaren Soba, da kaka kuma yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen hatsi ya ajiye. Ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare, sallah ba ta wuce shi. Ita da bakinta ta faɗa min haka, tana faɗa tana ɗaure fuska kamar mai karanta laifuffukansa.

Na roƙe ta ta buɗe min jerin kiran da ta yi a makon da ya gabata. Ranar da ta fi ƙaranci ta kira shi sau goma sha huɗu. Akwai ranar da ta haura ashirin da biyar. Kusan babu kiran da ya kai rabin minti. Na tambaye ta me suke cewa. Ta ce, "Kana ina? Ya ce yana gona. In ce to." Shi ke nan. In bai ɗauka ba sai ta sa ƙanwarsa ta kira, sai abokinsa, sai mai shagon da ke bakin hanyar gonar. Akwai ranar da cajinsa ya ƙare, ta ɗauki shatar mota ta tura ƙanenta har ƙauyen, ya tarar da shi yana auna taki a gaban ma'aikatansa. Katin cirar kuɗinsa yana wurinta, wai ajiya. Takardun gonar, wadda tun rabon gado ta faɗo a kasonsa, suna ƙasan akwatinta. Lokacin bautar ƙasa an tura shi kudu, mako ukun sansani kawai ya yi, ta bi duk hanyar da ta sani sai da aka dawo da shi jihar Kaduna. An sa ranar aurensa sau biyu tana ɗagawa.

Amma ba wannan ne ya kai ta asibiti ba. Abin da ta kai wa likita shi ne bugun zuciya, zafi a tsakiyar kai, wuya da kafaɗu a ɗaure, da barcin da ba ya wuce awa uku. Haka mafi yawan iyayenmu suke zuwa: jiki ne ke kai ƙarar zuciya. Likitan ya yi abin da ya kamata, ya duba zuciya, ya auna jini har da na maƙoƙo, domin ciwon maƙoƙo kan kwaikwayi fargaba. Bai samu komai ba sai hawan jinin da dama aka san tana da shi. Ta sha rubutu, an yi tofi, habbatus sauda ba ta yankewa a ɗakinta. Wanda ta ɓoye sai a zama na biyu shi ne ƙwayar barci da take aikawa a sayo mata a kemis ba takardar likita, kusan shekara guda. Wannan na mayar da ita wurin likitanta a kai, na kuma gargaɗe ta kada ta yanke sha rana ɗaya, don irin waɗannan ƙwayoyi a hankali ake janye su.

Na yi mata tambayoyi bakwai ɗin nan na takardar GAD-7, wadda aka fitar a 2006 don auna yawan fargaba. Makinta daga 0 zuwa 21 ne, daga 15 zuwa sama ana ɗaukarsa mai tsanani. Hajiya ta samu 17. Na tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Ta yi salati, ta ce in ta mutu wa zai kula da su.

Inda na yi kuskure

Hanyar da na fi aiki da ita ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya kafa harsashinta a shekarun 1960. Ɗaya daga cikin dabarunta shi ne a sa mutum ya auna tsoronsa da hujja: abin da kake tsoro, sau nawa ya taɓa faruwa? A zama na biyu na ɗauko wannan da ƙarfina. Na ce, "Hajiya, cikin duk kiran nan, sau nawa kika tarar wani abu ya same shi?"

Ta dube ni irin kallon da malama ke yi wa ɗalibar da ba ta yi aikin gida ba. Ta ce, "Ke a garin nan kike kuwa?" Sai ta fara lissafi da yatsu. Daren da aka shiga kwalejin Nuhu Bamalli ta nan Zariya a watan Yunin 2021 aka kwashi malamai da ɗalibai. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, da watannin da mutane suka yi a daji. Lokacin da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar a ƙarshen 2021, mutum bai san halin da nasa ke ciki ba. Manoman da ake ɗauka a gonakinsu ta ɓangaren Giwa da Birnin Gwari. Ta rufe da cewa, "Su ma iyayensu an ce musu babu abin da zai faru."

Ba ni da amsa, kuma bai kamata in samu ba. Littattafan da muka karanta an rubuta su ne a inda uwa ke tsoron abin da da wuya ya auku. A nan kaza mai 'ya'ya tana da dalilin tsoron shirwa, don shirwar tana nan, kowa ya ga inuwarta. Da na ci gaba da jayayya da ita a kan ko akwai hatsari ko babu, da ta ci ni da yaƙi kuma ba za ta dawo ba. Na ba ta haƙuri. Ina ganin wannan haƙurin ne ya dawo da ita mako na gaba.

Sai na sauya tambayar. Na ce na yarda hanya ba lafiya. Amma kira na goma sha biyar, me yake ƙara masa na tsaro wanda na farko bai ba shi ba? In yana kan babur wayar na ruri a aljihunsa, ya fi aminci ko ya fi shiga hatsari? Ta yi shiru. Can ta ce, "In na ji muryarsa nakan samu numfashi." Na ce na minti nawa? Ta ce wani lokaci ko shayi ba ta gama sha ba abin ya dawo.

A nan matsalar take. Kiran ba garkuwar yaron ba ne, maganin ƙirjinta ne, kuma magani ne irin susar ƙazwa: daɗi nan take, gyambo daga baya. Duk sanda tsoro ya taso ta kira ya ɗauka, zuciyarta tana koyon darasi guda, cewa kiran ne ya cece shi. Ba ta taɓa bari tsoron ya hau ya sauko da kansa ba, don haka ba ta san yana saukowa ba. Masu bincike a Kanada, su Michel Dugas da Robert Ladouceur, sun nuna tun shekarun 1990 cewa abin da ke rura irin wannan damuwa shi ne kasa jure rashin tabbas. Mai ita ba lallai ya fi kowa zaton sharri ba, amma zaman "ban sani ba" ne ba ya iyawa ko na minti biyar. Aikinmu ke nan: ba in tabbatar mata babu abin da zai faru ba, wannan ba a hannuna yake ba, sai dai ta koyi zama da rashin sani ba tare da ta shaƙe ɗanta ba.

Kira guda

A zama na huɗu ne ta faɗi abin da ta ce ko 'yar uwarta ciki ɗaya ba ta sani ba. Ranar da maigidan ya rasu, ta kira shi bayan la'asar don ta tuna masa wani saƙo. Wayar ta yi ta ruri ba a ɗauka ba. Ta ji haushi, ta ce a ranta ai halinsa ne, ta jefa wayar kan gado ta shiga kicin. Ba ta sake kira ba. Bayan isha'i ƙanensa ya yi sallama da mutum biyu a bayansa.

Shekara goma sha biyu tana ɗauke da lissafi ɗaya: da ta sake kira, da wani ya ɗauka a bakin titi, da ta tayar da mutane an kai shi asibiti da wuri. Ta san ƙaddara, tana karantar da ita ma a Islamiyyar matan unguwarsu. Amma abin da kai ya sani daban, abin da ƙirji ya riƙe daban. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, ita kuwa tsummanta shi ne wayar da ke ruri ba a ɗauka.

Sai kuma kunyar ɗan fari, wadda na daɗe ina tunani a kanta bayan wannan lamari. Da auta Hajiya tana wasa, tana tsokanarsa, tana ce masa ta yi kewarsa. Da yaron nan babu wannan ƙofar. Ba ta kiran sunansa, ba ta yaba masa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Al'ada ce mai kyau a wurinta, ban kuma taɓa neman ta bar ta ba. Sai dai ta toshe duk hanyar da tsoro zai fito da sunansa na gaskiya. "Ina jin tsoron in rasa ka kamar yadda na rasa ubanka" ba magana ce da za ta iya fita daga bakinta zuwa kunnensa ba. Abin da ya samu hanyar fita shi ne "Kana ina?"

Zaman da aka yi da shi

Ta yi mako biyu tana ƙin a kira shi. Da ya zo, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, hularsa a gwiwa. Dogo ne, rana ta dafa shi. Na fara ganinsa shi kaɗai na ɗan lokaci. Ya ce, "Malama, ni ba ƙararta na kawo ba. Bakin uwa ba abin wasa ba ne, ba na so ranta ya ɓaci a kaina." Da na ja shi da hira sai ga sauran. Ma'aikatansa suna kiransa ɗan Hajiya in ya juya baya. Dillalai sun san in za a biya kuɗi mai yawa sai ya koma gida karɓo kati, don haka ba sa ɗaukarsa da nauyi. Ya sayi wani layi a ɓoye, ya buɗe wani asusu a waya. Wani lokaci yana Saminaka ya ce mata yana Samaru, don kada hankalinta ya tashi. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙaryar, shi da bai saba ba. A fahimtarsa, mahaifiyarsa ta auna shi ne tuntuni ta ga bai cika mutum ba.

Kowannensu yana ciyar da tsoron ɗayan. Tana matsawa, yana ɓoyewa, tana jin ƙamshin ɓoyon, tana ƙara matsawa.

Na san in na ce su fuskanci juna su faɗi abin da ke ransu, kamar yadda aka koya mana, babu wanda zai buɗe baki. Sai na ari hannunka mai sanda. Na juya kujerar Hajiya ta fuskance ni, shi yana bayanta, na ce ni za ta ba labarin ranar nan, kamar babu kowa a ɗakin. Ta yi jim, sannan ta fara. Ta kai wurin da ta jefa wayar kan gado muryarta ta karye.

Daga bayanta ya ce, "Malama, ki gaya wa Hajiya, ni na karɓo wayar Baba a hannun Baffa. Waɗanda suka ciro shi sun ce ko shurawa bai yi ba. Tun kafin la'asar ne." Ashe maza sun san wannan tun ranar, ba wanda ya ga dacewar a zauna a yi wa mai takaba bayanin yadda mijinta ya cika. An rufe don a tausaya mata, rufin ya zame mata kurkuku.

Kada mai karatu ya zaci a nan aka warke. A makon da ya biyo baya kiran ma ƙaruwa ya yi. Labarin ya sauke mata laifin da ta ɗora wa kanta, barcinta ya ɗan gyaru, amma hannun da ya shekara goma sha biyu yana kai wa waya ba ya jin bayani. Sai an horar da shi.

Rajista

Tsohuwar hedimastar ce, don haka na ce ta buɗe rajista. Ta sayo littafi mai bango mai ƙarfi, ta ja layuka da rula: lokaci, abin da tsoro ya ce, ƙarfinsa daga ɗaya zuwa goma, minti nawa ta jira, abin da ya faru. Muka yi yarjejeniya su biyun suna zaune. Shi zai riƙa kira, ba ita ba: in ya isa, da azahar, da sanda zai kamo hanya. Zai faɗi gaskiyar inda yake ko da ba za ta so ba. Ba zai hau babban titi bayan magariba ba, zai riƙa tafiya da abin cajin waya. Ya ba ta lambar wani dattijo a ƙauyen, da sharaɗin ba za ta taɓa ta ba sai ya wuce lokacin da ya ce da awa biyu. Ita kuma in abin ya taso za ta rubuta, ta jira minti goma kafin ta kira, daga baya ashirin, daga baya awa. Ba aiken ƙannensa, don sun zama 'yan leƙen asiri ba da son ransu ba, har ta fara ɓata tsakaninsu da yayansu.

Na ƙara mata wata dabara da Thomas Borkovec da abokan aikinsa suka gwada a farkon shekarun 1980: a ware wa damuwa lokacinta. Ta zaɓi minti ashirin bayan la'asar. Duk tunanin da ya zo da hantsi sai ta ce masa ya jira layi. Ta yi dariya ta ce ai haka take yi wa iyayen yara a ofis.

Ita ce ta sa wa tsarin suna. Ta ce hadisin mai raƙumi ne, wanda Tirmizi ya ruwaito, inda aka ce wa mutumin ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ta ce, "Kira uku da lambar dattijon, ɗaurin ke nan. Sauran ashirin ɗin, ni ce na ɗaure na kuma zauna a kan igiyar."

Makon farko ta karya yarjejeniyar kusan kullum. Na uku, ta rubuta cewa tsoro ya kai tara, ta jira minti ashirin da biyar tana tsintar shinkafa, ya sauko huɗu ba tare da ta kira ba. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan da jan biro. Shi ma ya yi nasa laifin, sau biyu ya manta kiran azahar. Na gaya masa ba a wasa da wannan, amana ce ake ginawa da bulo ɗaya-ɗaya, kuma shi ne mai miƙo bulon.

Daren motar masara

Ana tsakiyar kaka, sanyi ya fara shigowa, ya kira da la'asar ya ce sun gama lodi za su taso. Ya kamata ya iso kafin magariba. Aka yi magariba, aka yi isha'i, wayarsa a kashe. Motar ce ta lalace a inda babu sabis, abin cajin kuma ya bar shi a ɗaki. Bai shigo gida ba sai wajen sha ɗayan dare.

Washegari da sassafe ta kira ni ta ce, "Aikinki ya rushe." Ta kira layinsa fiye da sau talatin a daren. Da muka zauna na ce ta karanta min rajistar. Ashe awa biyun farko ba ta taɓa wayar ba. Ta cika sharaɗi, ta kira dattijon, ya ce sun tashi tun la'asar, daga nan ne ta rikice. Na ce mata uwar da ɗanta ya yi awa biyar ba labari a hanyar nan, in ta rikice ba ciwo ba ne. Ni ma zan rikice. Abin da nake so in ji shi ne awa biyun nan, me ta yi a cikinsu?

Ta ce alwala ta yi, ta ɗauki Alƙur'ani, ta buɗe Suratu Yusuf, don ita aka saba ba mai baƙin ciki. Ta ce ta sha karanta ta, amma ba ta taɓa lura da abu ɗaya ba sai daren. Annabi Yakubu ya riga ya rasa ɗa guda a hannun mutanen nan, ga shi sun dawo suna neman ya ba su ƙanen. Bai ce ba ya tsoro ba. Ya karɓi alkawari a wurinsu, ya ce kada su shiga ta ƙofa ɗaya, su rarrabu a ƙofofi daban-daban, sannan a aya ta 67 ɗin nan ya ce shi ba ya iya tsare musu komai daga Allah. Ya sake su suka tafi. Ta ce, "Mu da muka tashi a garin ƙofofi, mai shiga ta Kofar Doka da mai shiga ta Kofar Gayan duk mun san ba ƙofar ke tsare mutum ba. Amma dai ya faɗa musu, don uba ne. Ya faɗa sau ɗaya."

Ni ba malamar addini ba ce, ba na kuma sa wa mutane aya a baki. Wannan nata ne, ta fi ni saninsa. Abin da na yi kawai shi ne na ce ta rubuta shi a bangon rajistar. Shi kuma yaron ya sha faɗa a kan abin cajin, faɗan da na ga ya cancanta.

Akwatin

Katin banki ta fara mayarwa, ta hannun ƙanwarsa, a cikin ambulan, ba ko kalma. Takardun gona sun fi wuya. Ta ce in ta ba shi zai iya jinginar da ita, ko dillalai su yaudare shi, gonar nan kuwa ita kaɗai ce abin da ya rage da ƙafar mahaifinsa ta taka. Na fahimci ba takarda take riƙe ba. Ban matsa ba.

Baffansu ne ya taɓo maganar daga wani gefen, da ya zo batun ɗaurin aure. Ya tuna mata aya ta 6 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce a jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu. Ta zo min da abin yana cinta. Ba miƙawar ce ta tsaya mata ba, jarrabawar ce. Ta ce, "Shekara talatin ina ba 'ya'yan mutane jarrabawa. Nawa ban taɓa barinsa ya shiga aji ba, na ce ya faɗi." Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci ta miƙa takardun a gaban Baffa da ƙanenta.

Wata abokiyar aikina da na ba labarin ta tambaye ni ko yaron ya bar gidan. Bai bari ba, ban kuma taɓa sa wannan a ma'auni ba. A Ingila ko Amurka ana iya auna girman ɗa da ranar da ya kwashe kayansa. A Zariya mutum na iya zama a ɗakin zauren gidansu da furfura a gemu, yana durƙusawa ya gaida uwarsa kowace safiya, kuma shi ne mai yanke shawarar gonarsa da aljihunsa. Abin da Hajiya ta koya shi ne ta sakar masa mara, ba ta sallame shi ba.

Mun yi zama goma sha huɗu cikin wata biyar. A na ƙarshe makinta ya sauko zuwa 7, likita ya gama janye ta daga ƙwayar barci, tana samun awa biyar zuwa shida. Kiran da take yi da kanta bai wuce biyu ko uku a rana ba, wasu ranakun babu. Wani abin da ban yi tsammani ba: kiran ya ƙara tsawo. Yanzu takan tambaye shi kuɗin buhu, ya ba ta labarin irin masara na SAMMAZ da yake son gwadawa baɗi.

Bayan wata shida ta dawo zaman bibiya, damina ta kankama. An yi auren, amarya na gidan, ana ta ja-in-ja a kan ko za su kama haya a Tudun Wada, ita ba ta so, ta kuma faɗa masa ba ta so, sau ɗaya in ji ta, ko da yake ƙanwarsa ta ce sau uku ne. Masarar da ya ajiye ba ta yi kuɗin da ya zata ba, ya yi asara mai ciwo, wadda da ya ji shawararta ya sayar da wuri da bai yi ba. Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce "ai na faɗa" ta zo mata har bakin haƙori, ta haɗiye, ta ce Allah ya mayar da alheri. Daga baya ta shiga ɗaki ta yi ta masifa ita kaɗai.

Muna shirin sallama ta buɗe jaka ta ciro wayar, sai a lokacin na lura tun shigowarta ba ta kan tebur. Ta nuna min saƙo. Auta ya samu gurbin karatu a Bayero. Kano, ta wannan hanyar dai, ta Kwanar Dangora. Ta ce tun daren jiya zafin kan ya dawo, har ta fara tunanin wanda ta sani a harabar Kongo ta jami'ar Ahmadu Bello, nan Zariya, da zai nema masa canji. Ta ciro rajistar, ta buɗe sabon shafi, ta ce, "'Yar nan, duba min ranar Talata in kina da wuri."